Tafinta

Shekarata goma sha uku
ranar da aka fito da ni daga ajin lissafi
don in zauna tsakanin uwata da wata farar takarda.

Ɗakin ƙarami ne, a makarantarmu ta Biloxi.
Mutum biyar a teburi, kowa da alƙalaminsa.
Mama kuwa hannu biyu ta zo da su,
waɗanda ɓawon jatan lande ya tsattsaga
tun asuba a masana'antar bakin teku.
Ta ɓoye su ƙarƙashin jaka.

Malama Harlan ta faɗi sunan abin,
kalma ɗaya, mai santsi kamar sabulu.
Na laluba cikin harshen gidanmu,
ban samo ba sai wadda ake jifan mahaukaci da ita.
Na haɗiye ta.
Na ce, "Mama, sun ce Khoi yana da jinkiri."
Ta gyaɗa kai. Jinkiri ai ba cuta ba ne,
shinkafa ma ba rana ɗaya take nuna ba.

Suka ce aji na musamman, yara takwas, malamai biyu,
da 'yar mota rawaya har ƙofar gida.
Mama ta ji mota, ta ji ƙofar gida,
ta hango idon unguwa a kowace taga.
"Ki ce mun gode."
A wurinmu ba a ce wa malami a'a.
Murmushi ake yi, a karɓi takarda hannu bibbiyu,
a je gida a danne ta da tukunya.

Kaka ta kunna turaren tsinke gaban hoton mijinta,
ta jera lemo uku a faranti.
Ta ce bashi ne daga rayuwar da ba mu tuna ba,
wani ya ci, mu za mu biya,
kuma mai biyan bashi ba ya kiran maroƙi.

Baba ya dawo daga ruwa bayan kwana tara.
"Ni da na ƙetare teku a jirgin da ke yoyo,
ina ɗan shekara shida, wata biyu ban ce uffan ba.
Ga ni yau. Zai yi magana."
Sai ya fita baya,
ya daɗe yana wanke takalmin da ya riga ya wanke.

Shi kuwa Khoi yana ƙasa da murafen kwalba,
ja, ja, shuɗi, ja, ja, shuɗi,
daga bakin kicin har ƙafar gado.
Cikin jirage ashirin
yana gane na Baba da ƙarar inji kawai.
Wannan ba ya cikin takardar.

Mako uku tana kwance, har ta yi tabon miya.
Wani dare Mama ta taɓa ƙafata.
"Tashi, Diem. Karanta min duka.
Na san kin tace min magana ran nan,
ni na haife ki."
Na karanta, ban rage tsakuwa ko ɗaya ba.
Ba ta yi kuka ba.
"In ya toshe kunne yana ihu, za su doke shi?"
Na ce a'a.
"Za su bar shi ya ci da cokalinsa?"
Na ce ban sani ba, zan tambaya.
Ta yi shiru har firij ya gama gurnaninsa.
"Nemo alƙalami."

Ran Litinin motar ta zo.
Labulen gidan su Luu ya motsa, na gani.
Mama ta tsaya a tsakiyar ƙofa
cikin rigar da take sawa sabuwar shekara.

Kaka ba ta fito ba.
Har yau bashi take ce masa.
Amma da yamma Malama Harlan ta aiko da tambaya:
wa ya ɗinke murafen kwalba uku
cikin aljihun rigar yaron nan?
Ja, ja, shuɗi.